Shekarar da Agogo Ya Ce Mijina Zai Mutu

Tun kafin a miƙo mini agogo in riƙe, ina da wani tsoro da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauka kowane mutum da adadin bugun zuciyar da aka auna masa, kamar hatsin rumbu, ranar da ya ƙare shi ke nan. Maigidana kuwa kullum da safe sai ya fita ya yi ta gudu, ba abin da ya koro shi, ba abin da yake bi. In ya dawo na ga ƙirjinsa yana ɗagawa, sai in ce a raina, yau ma ya cinye na kwana uku. Lokacin ina goyon Ummi, watanta biyar, muna haya a Damba tare da uwarsa, Inna.

Ku yaran yanzu da kuke zuwa fili da waya a hannu kuna ce mini, "Mama, ai aikin nan danna abu ne kawai," ku na rubuta wa wannan. Iyakata aji huɗu na firamare a Tsafe. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, lamba na iya, ba baƙi ba.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka shiga neman 'yan gudun da za su wakilce ta. Malam Garba mutumin Bunguɗu, tsohon malamin motsa jiki da kowa ke ce wa Koci, shi ya tara samari shida yana horar da su a filin wata makaranta kusa da mu. Maigidana na cikinsu. Sunansa za ku ji shi a bakin wasu, ba a nawa ba. Dako yake yi a kasuwar hatsi, buhu a ka daga mota zuwa rumfa. Magana ɗaya aka yi musu: wanda sunansa ya shiga takardar tafiya gasa za a ɗauke shi aiki, wanda bai shiga ba ya koma inda ya fito.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai agogon wuya mai igiya, wanda ake dannawa in mutum ya tashi, a sake dannawa in ya iso. Akwai agogon hannu baƙi, da ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ƙirji ƙarƙashin riga. Wani tsohon ɗalibin Koci ne ya kawo masa su daga waje. Ɗamarar tana jin zuciya, sai ta gaya wa agogon, shi kuma ya nuna bugu nawa take yi a minti. Ba waya tsakaninsu. Koci ya ce magana suke yi ta iska, kamar rediyo. Sai an jiƙa bayan ɗamarar da ruwa take jin komai, in ta bushe kurma ce. Kuma in agogon ya yi nisa da ita fiye da tsawon hannu, ba ya jin abin da take faɗa, shi ya sa dole mai gudun ne zai ɗaura shi.

Ranar da na shiga aikin, ruwa na kai. Maigida ya manta jarkarsa, Inna ta ce in bi shi da ita. Na tarar ya gama zagaye yana haki, Koci ya riƙe masa hannu yana nesa da shi, yana kusa da shi, yana ƙifta ido. Idon Koci ya daina ganin ƙananan lambobi, tabarau kuwa ya ce na tsofaffi ne.

"Lawali, nawa ya nuna?"

"Ɗari da ashirin, Koci. Na huce, in tahi?"

Koci ya waiwayo ya gan ni. "Ke ɗiyata, kin san lamba? Zo duba mini wanga abu."

Na leƙa. Na ce, "Ɗari da hamsin da ɗaya."

Kallon da maigida ya yi mini har yau ban manta ba. Koci kuwa ya ciro goro ya ɓara, ya ce, "Wata biyu ke nan yaran ga na karanta mini abin da sunka ga dama. Gobe ki zo da tabarma."

Inna ba ta hana ba. Cewa ta yi gara haka, ranar da ya faɗi a samu na gida kusa.

Makon farko Koci bai bar ni na auna mutum ba. Babura ya sa ni aunawa, daga wannan turken waya zuwa wancan a bakin titi, shi ma yana ƙirgawa da baki, in muka saɓa ya ce a sake. Daga nan ya koya mini cewa ƙirji ake kallo in mutum zai tsallake layi, ba ƙafa ba, ba kai ba. Ya koya mini kada in danna da babban yatsa, wai yana da nauyin jiki, manuni ya fi shi sauri. Abin da bai koya mini ba shi ne in ɓoye igiyar agogon daga Ummi. Ranar da na fara aikin gaske, a zagaye na tara ta miƙo hannu ta kan kafaɗata ta ja, yatsana ya faɗa kan maɓallin gogewa, komai ya koma sifili. Maza shida suka tsaya suna kallon jaririya.

Sai batun karanta hannun maza. Ni matar aure ce, ba zan kama hannun ƙato ina dubawa ba, hannun wanda ya gama gudu kuma rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi. Koci ya saro gwafa ya kafa a gaban tabarmata. Mutum ya iso, ya ɗora wuyan hannunsa a kan gwafar, ya kau da kai, ni kuma in karanta. Mun kafa ta a jikin katangar yamma, ƙarƙashin darbejiya, don nan ce kaɗai inuwa a filin.

Yanzu ku ji aikin kansa. Mutum zai zagaya fili sau ɗaya da ƙarfi, in danna, in rubuta a littafi daƙiƙa nawa ya yi. Ya zo gwafa in rubuta zuciyarsa, galibi wajen ɗari da tamanin. Sai ya tsaya nan yana taka ƙasa a hankali, ina kallon lamba tana sauka. Da ta taɓa ɗari da ashirin sai in ce, "Tashi." Haka sau goma, wata rana sha biyu. Ku kuna ganin gudun ne horon. Hutun ne. In na sake shi da wuri, zagaye na bakwai zai ƙare da rarrafe. In na bar shi ya huce da yawa, yawo ya zo yi. Kuma zagayen farko da na ƙarshe su zama kusan ɗaya, wanda ya fara kamar an harbo shi sai in gaya wa Koci, Koci ya gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba.

Kowa da irin wayonsa. Malalaci yakan sassauta ɗamara da gwiwar hannu, agogo ya ɗauke, a ɓata minti biyu ana gyara. Mai zafin kai yakan riƙe numfashi wai lamba ta sauka da sauri. Samarin da ke shirin shiga soja sukan zo su ce a auna su, rabinsu ba sa dawowa rana ta biyu. Akwai wani Alhaji dillalin hatsi da likita ya ce ya riƙa tafiya, ya zo sau uku, kullum tun kafin ya ɗaga ƙafa agogo ya riga ya nuna ɗari da goma. Ya ce ashe ya gama, ya shiga mota.

Ran Asabar mukan shiga bas zuwa Tsafe su hau dutse su sauko, ni ina gindin dutsen da gwafata. Ran Laraba wani lokaci Bunguɗu, cikin yashin gulbi in ruwa ya janye, inda ƙafa ke nutsewa. Sauran kwanakin Damba. In Ummi ta tashi tana kuka na juya ba ta nono, Koci ya ce in yi ɗan zobe a gefen layin wannan zagayen, don ya san hankalina ya rabu biyu, kada ya amince da lambar sosai.

Shekarar da ta yi mana wuya ita ce ta wahalar man fetur. Zuwa Tsafe ya koma sau ɗaya a wata. Saura wata uku tafiya gasa, Koci ya ce ɗamara ta zama ta maigidana shi kaɗai, don shi ne ya fi sa wa rai a dogon gudu, sauran a bi su da agogon wuya kawai.

Wata Talata ya gama zagaye na huɗu, ya ɗora hannu a gwafa. Na duba. Na goge fuskar agogon da bakin mayafi na sake dubawa. Ɗari biyu da talatin.

Koci ya ce, "Mi kinka ce?"

Na sake faɗa.

"Ba ɗan Adam da zuciyarsa ka yin haka shi tsaya da ƙafa biyu. Lawali, zauna."

"Koci, lahiyata lau."

"Ba kai anka tambaya ba. Kwanta ma."

Ya kwanta a ƙasa yana kallon ganyen darbejiya, lamba na tsalle, ɗari biyu da goma, ɗari biyu da talatin da biyar. Ummi na tsala kuka a bayana, ni ina nawa a gaba. Koci ya sa yatsu a wuyansa ya ƙirga, ya samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai ya ce yatsan tsoho na iya ɓata, na'urar Bature ba ta ɓata.

Washegari lafiya lau. Jibi lafiya lau. Ran Juma'a lamba ta sake tsalle. A wata guda sau shida ta yi. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, ya hau dutsen Tsafe sau takwas zuciya ba ta wuce ɗari da tamanin da biyar ba, ya yi yashin Bunguɗu haka, sai a shimfiɗaɗɗen filin Damba take hauka. Abokan gudunsa suka ce ai a fili take, kusa da matarsa yake tsayawa. Na ce a Tsafe ma kusa da ni yake tsayawa. Suka ce a Tsafe yana jin kunyar surukai.

Muka je asibiti. Likita ya sa abin saurare, ya daɗe, ya ce in ma akwai abin faɗa, zuciyar nan a hankali take tafiya, hamsin ma ba ta cika ba, kuma haka ta 'yan gudu take. Muka dawo gida muka gaya wa Inna.

Ta ce, "To wanne za mu yi wa kuka, saurin ko nawar?"

Ta hana shi shayi, ta hana shi yaji. Ta samo rubutu da wani jiƙo mai ɗaci da ko akuya ta sansana ta bar wurin. Ya shanye su duka. Ni kuwa na daina barin shi ya ɗauki ko bokitin ruwa, mutumin da ke ɗaukar buhun masara da ka. In ya yi shiru a ɗaki da rana sai in yar da murfin kwano in ga ko zai motsa.

Koci ya zo gida da kansa wata Lahadi, ya zauna a zaure. Ya ce ran Alhamis da azahar zai miƙa sunaye, kuma ba zai sa na Lawali ba.

"Likita bai gan shi yana gudu ba, agogo ya gani. Ba ni kai ɗan mutane wani gari in dawo da takalminsa."

Da Koci ya tafi, sai maigida ya ɗauko gammonsa na dako daga saman ƙusa ya kakkaɓe. Kada in yi muku ƙarya, rabin zuciyata ta ji daɗi.

Da la'asar na ɗauko littafin ina juyawa, ba don komai ba. Sai na ga wani abu. Duk inda babbar lamba ta fara, akwai zobe a gefenta. Sau shida, zobe shida. Na je wurin Inna tana tsince shinkafa, na ce yarinyar nan tana jin ajalin ubanta a jikinta, duk ranar da abin zai same shi sai ta tashi da kuka.

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wagga? Wagga da murfin kwanonki ya faɗi sau goma ba ta motsa ba? Ba abin da ka tashe ta sai ƙarar injin niƙa."

Na tsaya da littafi a hannu. Bayan katangar da muke zama akwai injin niƙa, kuma na wuta ne, ba ya tashi sai an kawo wuta, wuta kuwa da safe sai ta ga dama. A jikin katangar kuma, taku biyar daga gwafata, akwai babban akwatin wuta a kan turaku biyu, wanda in an kawo yake gunji kamar amya. Na tuna ɗan rediyon maigida, in muka bi ta wurin da shi a kunne sai ya hau shiiii har mu wuce. A gindin dutsen Tsafe ba waya. A cikin gulbi ba waya.

Litinin da sassafe na gaya wa Koci. Ya saurara har na gama.

"Wato aji huɗu za ta gyara wa Bature aikinsa."

Na ce, "Baba, ba gyara ba ne. Kai ka ce rediyo ce. A ɗaura wa wani in an kawo wuta, a gani."

Ya juya ga samarin. Ɗaya ya ce ƙirjinsa na ƙaiƙayi. Ɗaya ya ce shi bai son sanin ranarsa. Sauran suka duƙa ɗaurin takalmin da ke ɗaure. Koci ya yi tsaki, ya zaga bayan aji, ya dawo yana tafiya a sanƙare. Ɗamarar ba ta zagaye shi ba, sai da ya ƙara mata zariyar wando.

Ya zauna a kujera kusa da gwafa, agogo a hannu, saba'in da shida. Muka jira. Ba a kawo wuta ba.

Talata ba a kawo ba. Laraba ba a kawo ba. Kullum ya zo ya zaga bayan aji, ya jiƙa ɗamara, ya zauna yana cin goro yana cewa zariya na yanka shi. Maigida yana gefe a zaune, an hana shi gudu. Ni da ban taɓa damuwa da wuta ba, don ko fanka ba mu da ita, na koma ba abin da nake roƙo bayan salla sai ita. Har wurin mai injin na aika a tambaya ko ya ji wani labari. Ya ce in da ya san ranar zuwanta da ya yi arziki.

Alhamis, rana ta ɗaga sosai, Koci ya miƙe. Ya ciro takarda daga aljihu, sunaye huɗu, ya nuna mini don kada in ce an yi ɓoye.

"Ɗiyata, na yi miki kwana huɗu. Ki yi haƙuri."

Ya hau babur ɗinsa da ke jingine da katanga. Man da ya saya a galan bakin titi rabinsa kananzir ne, ya buga ya ƙi, ya buga ya ƙi. Yana kan bugu na wajen ashirin, hula ta karkace, sai injin niƙa ya yi tari sau biyu ya kama. Ummi ta callara kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan ɗa kamar ranar ba.

Na ce, "Baba, hannunka."

Ya ɗora a gwafa. Ɗari biyu da ashirin da takwas. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Goron da ke bakinsa ya tsaya. Ya yi salati, ya dafa ƙirji, ya nemi kujera da hannu.

Maigida ya ce, "Koci, kwanta."

"Rufe mini baki. Bugun babur ne."

"Lahiyarka lau, ko? Ba kai anka tambaya ba."

Na ce ya taso mu je tsakiyar fili. Ya taho yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, ina biye ina leƙen hannunsa. Taku ashirin, lamba ta faɗo ɗari da biyu. Muka koma gwafa, ɗari biyu da talatin. Muka koma tsakiya, casa'in da takwas. Bai yarda ba sai da ya yi sawu biyar, na ƙarshe har da ɗan sassarfa, babbar riga na kaɗawa, samari na ƙirga masa. Sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon akwatin wutar.

"Wata guda yaron ga na shan jiƙo," ya ce. "Ba ni biro."

A kan sirdin babur ya rubuta sunan, na biyar, a ƙasan takarda. Babur bai tashi ba har ƙarshe. Maigida ne ya karɓi takardar ya kai ofishin masu karɓar sunaye da gudu, ɗamara a ƙirjinsa, ya isa ana kiran salla. Da ya dawo na tambaye shi nawa ta nuna a hanya, ya ce bai duba ba, kuma kada in sake tambayarsa.

Sun tafi gasa, ya zo na huɗu. Ba lambar yabo, amma aikin an ba shi, gammo ya koma kan ƙusa har ɓera ya cinye shi. Inna har ta bar duniya tana cewa jiƙonta ne.

Ni kuwa ladan da na samu shi ne washegari Koci ya tumɓuke gwafata ya kai ta gabas da fili, inda ba waya, ba katanga, ba ko ciyawa mai tsawon da ƙadangare zai fake. Nan na zauna shekara da shekaru, tabarma na zafi kamar tanda, ina hango inuwata ta da, masu tallan gyaɗa sun baje a ciki. Sau uku ina dasa itace a wurin, sau uku awaki na cinyewa.

Yanzu wata yarinya ce ke zama a wurin, ni na koya mata, ita ma da goyo. Don haka ga roƙona. Duk wanda a cikinku ke da dashen darbejiya, ya kawo gabas da filin nan kafin ruwa ya sauka. Ya haɗo da ƙaya ta shinge, mai yawa. Ramin ni zan haƙa.